Ibnul Haisam, Malamin Haske da Inuwa

A cikin manyan malaman da suka yi zamani a ƙasar Masar akwai wani mutumin Basara, sunansa Abu Ali Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam, wanda aka fi sani da Ibnul Haisam. An haife shi wajen shekara ta 354 ta Hijira, watau 965 ta Miladiyya. A can Basara ya tashi, ya yi karatu, ya nutsa cikin ilmin hisabi da handasa da falaki, ya bi littattafan Yunanawa da aka juya zuwa Larabci, musamman na Iƙlidis da na Baɗalamiyus, har sunansa ya kai wasu ƙasashe.

A zamanin nan Masar tana hannun Faɗimiyyawa, sarkinsu kuwa shi ne Alhakim bi Amrillahi, wanda ya hau gado a shekara ta 996. Arzikin Masar duk a kan Kogin Nilu ya ke. In ruwa ya cika daidai, a sami albarka. In ya gaza, a yi yunwa. In ya wuce kima, ya ci gonaki. Marubucin tarihi Ibnul Ƙifɗi ya ruwaito cewa labari ya kai kunnen sarki wai Ibnul Haisam yana da dabarar da za a sarrafa kogin, a amfana da shi ko ya cika ko ya janye. Sarki ya aika masa da dukiya ya kirawo shi, ya tarye shi da girmamawa, ya haɗa shi da magina, suka bi kogi suka yi kudu har wani wuri da a ke kira Janadil, kusa da Aswan. Da malamin ya ga faɗin ruwan da ƙarfinsa, ya kuma ga manyan gine-ginen mutanen dā waɗanda duk da gwanintarsu ba su tare kogin ba, sai ya tabbata abin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa. Gaskiyarsa kuwa, don ba a gina madatsar ruwa a Aswan ba sai a 1902, babbar kuwa sai a 1970 aka gama ta.

Ya komo ya faɗa wa sarki gaskiya. To, Alhakim mutum ne mai saurin fushi, mai saurin zubar da jinin ma'aikatansa. Ya ba shi wani muƙami a hukuma, amma malamin bai sami kwanciyar rai ba. Bisa ga ruwayar nan, sai ya yi haukan ƙarya don ya tsira da ransa, aka riƙe dukiyarsa, aka tsare shi a gida. Yana nan a tsare har shekara ta 411, watau 1021, sa'ad da sarki ya fita da dare wajen dutsen Muƙaɗɗam, ba a sake ganinsa ba. Sa'an nan Ibnul Haisam ya bayyana hankalinsa, ya koma wata ƙubba a ƙofar masallacin Azhar, ya zauna zaman zuhudu. Da alƙalaminsa ya ke ci: kowace shekara ya kan kwafe littafin Iƙlidis da Majisɗi na Baɗalamiyus da waɗansu littattafan hisabi, ya sayar dinari 150, su ne guzurinsa na shekara.

Mafi girman abin da ya bari shi ne Kitabul Manazir, mai kashi bakwai, a kan haske da gani. Kafin zamaninsa, Iƙlidis da Baɗalamiyus sun tafi a kan cewa wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓa abin da a ke kallo. Ibnul Haisam ya nuna akasin haka ne: haske daga abin ya ke tasowa ya shiga ido. Hujjarsa kowa ya san ta a jikinsa. Wanda ya kalli rana idonsa zai yi zafi, wanda kuma ya daɗe yana kallon abu mai tsananin haske, in ya kau da kai zai riƙa ganin alamarsa. Ashe ido mai karɓa ne, ba mai bayarwa ba.

Abin da ya bambanta shi da waɗanda suka gabace shi, ba ya karɓar magana sai ya jarraba ta. Wannan jarrabawa ita ya ke kira i'itibari. Ya jera kyandirori a gaban wata 'yar kafa da ke buɗe zuwa cikin ɗaki mai duhu, sai ga haske ya bayyana a bango gwargwadon yawan kyandirorin, kowane haske yana daura da kyandirinsa ta hanyar kafar, na dama ya faɗi hagu, na hagu ya faɗi dama. In ya kāre kyandir ɗaya, haske ɗaya kaɗai ke ɓacewa. In ya janye kariyar, sai ya komo. Da wannan ya tabbatar da abu biyu: haske a miƙe ya ke tafiya, ba ya karkata, kuma hasken fitilu da yawa suna ratsa kafa ɗaya ba su gauraya ba. Yaron da ya taɓa ganin hasken rana ya shigo ta hudar ƙofa ya miƙe sambal cikin ƙura, ya ga wannan hujja da idonsa.

Daga nan sha'anin inuwa ya fito fili, ya kuwa rubuta risala a kanta. Tun da haske ba ya zagaye abin da ya tare shi, bayan abin ba ya samun rabo. Inuwa ke nan. Sabo da haka inuwar sanda ta ke da tsawo da safe, rana tana ƙasa, ta yi ta gajarcewa har zawali, sa'an nan ta juya gabas ta riƙa ƙaruwa, wadda da ita masu lura da lokaci su ke gane shigar Azahar da La'asar. Ya kuma rarrabe inuwa iri biyu. Akwai wurin da hasken ya yanke ɗungum, akwai kuma gefen da wani sashe na rana ke iya kai wa, wani sashe ba ya iyawa, domin rana faffaɗa ce, ba ɗigo ba ce. Shi ya sa bakin inuwar itace ba ya da kaifi. A wata risala kuma ya bayyana yadda surar rana, ranar husufi, ta ke bi ta ƙaramar huda ta faɗi a bango kamar jinjirin wata.

Game da madubi kuwa, Yunanawa sun riga sun faɗi cewa haske in ya bugi madubi ya kan komo da karkata daidai da wadda ya zo da ita, kamar ƙwallon da aka buga wa bango a kaikaice. Ibnul Haisam bai tsaya ga faɗarsu ba. Ya ƙera na'ura ta tagulla da katako mai awo, ya sa aka yi masa madubai bakwai na ƙarfe, da shimfiɗaɗɗe, da masu doro, da masu zurfi, ya gwada da hasken rana da waninsa, ya sami kusurwar zuwa da ta komowa daidai su ke a kowannensu. Ya kuma yi bayanin cewa wata ba shi da hasken kansa, daga rana ya ke samu, sa'an nan ya watsa shi ta kowane gefe, kamar yadda farin bango ke haskaka ɗaki. A kashi na bakwai ya yi maganar karyewar haske in ya ƙetare daga iska zuwa ruwa, dalilin da ke sa a ga sanda a cikin ruwa kamar ta lanƙwashe.

Rubuce-rubucensa sun haura 90, har da risala a kan fitar da alƙibla, da wani littafi da ya tara shakkokinsa a kan Baɗalamiyus. A cikinsa ya nuna cewa mai neman gaskiya ba ya sakankancewa da magana don girman mai ita, wajibinsa ne ya bincike ta, ya kuma tuhumi ransa kada son zuciya ya ja shi. Ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 430, watau 1040.

Bayansa, wajen shekara ta 1200, aka juya Manazir zuwa Latin, Turawa suka san shi da suna Alhazen, aka buga littafin a birnin Basel a 1572. A ƙasar Farisa, Kamaluddin Alfarisi ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir, ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa daga hasken rana cikin ɗigon ruwa. A 1604 Bajamushen nan Kepler ya gyara masa wuri guda, ya nuna cewa surar abin da a ke gani a can bangon bayan ido ta ke sauka. Gyaran kuwa bisa tafarkin da shi kansa ya shimfiɗa ne. A 2015 hukumar UNESCO ta tuna da shi a cikin Shekarar Haske ta Duniya.

Duk uban da ya ke so ɗansa ya fahimci wannan ilmi, ɗaki mai duhu da fitila biyu da madubi da sanda sun ishe shi. Ya bar yaron ya gwada da hannunsa, ya gani da idonsa, kamar yadda malamin Basara ya yi. Allah Ya jiƙan Ibnul Haisam, amin.