Haifaffen Jamus da Ya Zana wa Amurka Jirgin Yaƙi

'Yan'uwana mata, yau ga labarin Edgar Schmued, wanda aka haifa a Jamus a 1899. Bai yi jami'a ba. Da kansa ya karanci aikin injiniya a littattafai, ya kuma koyi aikin hannu a wata ƙaramar masana'antar injuna. Matsin rayuwa ya kai shi Barazil a 1925, daga can ya wuce Amurka.

A 1940 Ingila ta matsu da neman jiragen yaƙi. Shi ya shugabanci zanen jirgin Mustang, aka harhaɗa gangar jikin na farko cikin kwana 102 kacal. To, ku ji ikon Allah: jirgin nan ne ya riƙa raka masu jefa bama-bamai har Balin, babban birnin ƙasar da aka yanke masa cibiya. Ya mutu a Kalifoniya a 1985.