Milankobic, mai lissafin zamanin ƙanƙara

An haifi Milutin Milankobic a shekara ta 1879 a garin Dali, bakin kogin Danub, cikin Turai. Mutumin Sarbiya ne. Ya yi karatun injiniya a birnin Biyena, ya yi aikin gina gadoji da madatsan ruwa. A 1909 ya bar wannan aiki, ya koma koyarwa a jami'ar Balgirad.

Wata tambaya ce ta hana shi sakat. Masana sun riga sun gano cewa a da can ƙanƙara ta taɓa rufe arewacin Turai da na Amurka, ta narke, ta sake komowa. Mi ke kawo ta? Mi ke korar ta?

A 1914 yaƙi ya ɓarke, aka kama shi yana sabon ango. Daga baya aka tsare shi a Budafes, aka bar shi yana shiga wani ɗakin karatu. Da takarda da alƙalami kaɗai ya yi ta lissafin hasken ranar da ƙasa ke samu.

Ga abin da ya gano. Duniya tana kewaya rana a karkace. Karkatar nan tana ƙaruwa tana raguwa cikin shekara 41.000, hanyar da take bi ita ma tana sakewa sannu sannu. In lokacin zafi ya yi rauni a can ƙuryar arewa, ƙanƙarar bara ba ta narkewa, sai ta bana ta hau bisanta. Farinta kuma yana maida hasken rana sama, sanyi ya daɗa ƙarfi.

Ya tara aikinsa cikin babban littafi a 1941. Ya rasu a 1958, masana da yawa ba su yarda da shi ba. Sai a 1976 aka bincika laka da aka haƙo daga ƙarƙashin teku, aka tarar lissafinsa daidai ne. An kuma gano cewa in ƙanƙarar arewa ta narke da yawa, ruwanta yana rage gudun ruwa mai ɗumi na tekun Atlantika, damina ta yi rauni a Sahel.

Ashe labarin ya shafi ƙasar Hausa. Wajen shekara 20.000 da suka wuce, ƙanƙara ta yi yawa a arewa, hamada ta sauko har ta wuce inda Gidan Amumune yake, iska ta tara jigayi. Wajen shekara 9.000 da suka wuce, damina ta yi ƙarfi, ruwa ya cika kwaruruka irin Gulbin Kaba da ya ratsa Mayahi.

Tambayoyi
1. Da mi Milankobic ya yi lissafinsa?
2. Ƙaƙa ƙanƙara ke taruwa?
3. Yaushe aka gaskata shi?