NIELS FINSEN: ƊALIBIN DA AKA YANKE WA ƘAUNA

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu girma. Da yawanku za ku tuna ni da fuska cike da ƙurajen balaga, ina fakewa a bencin baya don kada a kalle ni. Ƙurajen nan su suka ja ni zuwa aikin likitan fata, kuma a nan ne na san tarihin mutumin da zan ba ku labarinsa, wato Niels Ryberg Finsen.

An haifi Finsen a shekarar 1860 a tsibiran Faro, waɗanda ke ƙarƙashin ƙasar Danmak. Da ya tasa aka kai shi makarantar kwana ta Herlufsholm, amma karatu ya ƙi, har shugaban makarantar ya shaide shi da cewa yaro ne mai kyan hali, sai dai ba basira, ba kuma kuzari. A 1876 aka mayar da shi wata makaranta a ƙasar Aislan, inda ya gama yana da shekara 21, ya zo na 11 cikin ɗalibai 15.

Duk da haka bai karaya ba. Ya shiga jami'a a birnin Kofanhegan a 1882, ya fito likita a 1890. Tun yana ɗalibi wani ciwo ya kama shi, wanda ya taɓa masa zuciya da hanta, ga ƙarancin jini da kasala. Ɗakinsa kuwa ba ya samun rana. Sai ya lura cewa in ya sha hantsi yakan ji dama-dama, daga nan ya duƙufa binciken abin da haske ke yi wa jikin ɗan Adam.

A zamanin akwai tibi na fata, cuta mai cinye hanci da kumatu, har masu ita kan ɓoye wa jama'a saboda kunya. Finsen ya gane cewa wani sashe na haske da ido ba ya gani yana kashe ƙwayoyin cuta. Saboda haka ya harhaɗa fitilar lantarki mai tsananin haske da gilasai masu tattara shi wuri guda, da ruwa mai tsotse zafin don kada fata ta ƙone. Ma'aikaciyar jinya ce ke danna gilashin a kan gyambon domin jini ya janye, haske ya ratsa, kimanin awa guda kullum, wani lokaci har watanni. Ya fara yi wa majinyacinsa na farko magani a 1895, aka buɗe masa cibiya a 1896, inda aka yi wa ɗaruruwan mutane magani, akasarinsu suka warke.

A 1903 aka ba shi lambar yabo ta Nobel, amma a lokacin yana kan keken guragu, bai iya zuwa karɓa ba. Ya ba da kaso mai tsoka na kuɗin ga cibiyarsa da wani gidan jinya na masu ciwon zuciya da hanta. Ya rasu a 1904 yana da shekara 43.

Daga bisani magungunan tibi sun maye gurbin fitilarsa, amma har gobe muna amfani da haske wajen maganin wasu cututtukan fata da shawarar jarirai.

Kirana ga waɗanda ke riƙe da alli a cikinmu, da mu iyaye, shi ne mu riƙa tauna abin da za mu rubuta ko mu faɗa a kan yaro. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.