Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Malami Mai Son Masu Sana'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku ɗalibai da iyaye, a wannan fitowa za mu kawo tarihin Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara musu yarda. An haife shi a 1781, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Malam Abdullahi, har ya ƙware a Larabci da fiƙihu. Da aka fara jihadi a 1804 yana cikin manyan jagorori, shi ne kuma ya gina birnin Sakkwato a 1809. Da Shehu ya rasu a 1817 sai aka yi masa mubaya'a.

Yaƙe-yaƙensa kowa ya san su. Abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne yadda ya damu da aikin hannu. A littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa yana cikin haƙƙin talakawa a kan shugaba ya kula da masu sana'a: manoma, maƙera, maɗinka, marina, mahauta, masassaƙa da masu magani. Ya ce a raba su garuruwa da ƙauyuka gwargwadon bukata, kada wani gari ya rasa. To ku duba, wannan fa ba ɗan kasuwa ba ne, malami ne marubucin Infaƙul Maisuri, amma ya ɗauki maƙeri a bakin zuga-zugansa a matsayin ginshiƙin ƙasa.

Bai tsaya ga rubutu ba. Ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, ya zaunar da Fulani makiyaya a cikinsu, aka ba su malamai, aka koya musu noma da zaman gari. Shi kansa ya yi bincike a ilimin magani, ya yi rubuce-rubuce a kai. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya ƙi dogara da baitulmali, daga guminsa yake ci.

A wancan zamani namu na Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin Kano, kuma Bello ne ya tabbatar da Ibrahim Dabo a sarautar Kano a 1819. Ashe ke nan wannan umarni ya shafi kakanninmu. Shi ya sa nake mamakin uban da zai ce ɗansa ya sauke Alƙur'ani, ya fi ƙarfin zama shagon tela ko garejin kanikanci. Sai yaro ya kai shekara 20, ga karatu daidai gwargwado, amma ko kuɗin sabulu sai ya miƙa hannu. Wallahi ba haka magabata suka bar mana ba. Awa biyu bayan an tashi makaranta, ko ranakun Alhamis da Juma'a, sun isa yaro ko yarinya su fara koyon ɗinki, kafinta, saƙa ko gyaran waya.

A ƙarshen rayuwarsa Bello ya fi zama a ribaɗinsa na Wurno. A can ya rasu a 1837 bayan shekara 20 yana mulki, a can kuma kabarinsa yake. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne ya gaje shi. Allah Ya jiƙansa, amin.