Emil Fischer: Bajamushen da ya kwatanta sukari da mabuɗi

Mai ciwon suga a Bauchi da likita ya rubuta wa ƙwayar Acarbose, ya ce ya sha da lomar farko ta tuwo, yana cin gajiyar wani tunani ne da Emil Fischer ya kafa tun a 1894.

An haifi Fischer ranar 9 ga Oktoba, 1852, a garin Euskirchen na ƙasar Jamus. Mahaifinsa attajiri ne, ya so ɗan ya gaje shi a kasuwanci, amma da ya ga ba shi da kan ciniki sai ya sallame shi ga karatu. Ya yi digirin digirgir a Strasbourg a 1874 ƙarƙashin Adolf von Baeyer, daga bisani ya riƙe kujerar kimiyyar sinadarai a Berlin daga 1892.

Babban aikinsa a kan sukari ne. A 1890 ya haɗa gulukos a ɗakin gwaji. Sannan ya ƙera sinadarai biyu daga gare shi, kayan ginin su ɗaya, sai dai wani ɗan reshe da ya fuskanci ɓangare daban. Enzayim ɗin yisti ya fasa na farko, ya bar na biyu. Na 'ya'yan almon kuwa ya yi akasin haka. Daga nan Fischer ya yanke cewa enzayim da abin da yake sarrafawa sai sun dace kamar kwaɗo da mabuɗinsa.

Abin da ya biyo baya ya fi ban sha'awa. Idan mabuɗin gaskiya na buɗe kwaɗo, to na jabu zai iya shiga ya maƙale. Acarbose, wanda bakteriyar Actinoplanes ke samarwa, kama yake da guntun sitaci mai gaɓa huɗu, amma a mahaɗa guda naitirojin ne ya maye gurbin oksijin. Enzayim mai narkar da sitaci, na mutum ko na bakteriya, sai ya cafke shi, ya kasa yankewa, ya kuma riƙe shi gam fiye da sitacin kansa, domin siffarsa ta yi kama da ta sukari a daidai lokacin tsinkewa. Narkewar tuwo ta yi jinkiri, sukarin jini bai yi tashin farat ɗaya ba. A 1958 Daniel Koshland ya gyara misalin, ya nuna cewa kwaɗon ma yana ɗan sauya siffa.

Fischer ya karɓi lambar Nobel a 1902, amma ƙarshensa bai yi daɗi ba. Sinadarin phenylhydrazine da ya gano a 1875, wanda ya buɗe masa sirrin sukari, shi ne ya riƙa cin lafiyarsa a hankali. Matarsa ta rasu a 1895, 'ya'yansa biyu cikin uku suka mutu a shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yana fama da ciwon daji, ya kashe kansa a Berlin ranar 15 ga Yuli, 1919. Ɗansa Hermann da ya rage ya ci gaba da binciken sukari har ya zama farfesa a Berkeley, Amurka.