Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo: Malamin Da Ya Ƙi Gorin Asali

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya san yadda Allah ya tara jinsi iri iri a wannan yanki na yammacin Zamfara. Ga Zamfarawa masu ƙasa, ga Fulani masu shanu, ga Gobirawa da Kabawa, ga kuma Lelna na ƙasar Zuru, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. Inda mutane suka cakuɗa haka ba a rasa wasa da barkwanci, amma kuma ba a rasa wanda zai fake da wasa ya goranta wa ɗan'uwansa asali. A wannan ƙasa ce, fiye da shekara 230 da suka wuce, wani malami ya yi zaman wa'azi na kimanin shekara biyar. Jama'a sun fi saninsa da jihadi da kafa daula. Amma akwai wani gefe na tarihinsa da ya kamata a riƙa tunawa, watau yadda ya ƙi yarda a auna mutum da ƙabilarsa ko da sunan da wasu suka laƙa masa.

An haifi Shehu Usmanu a Maratta, cikin ƙasar Gobir, a watan Disamba na 1754. Shi Bafulatani ne daga zuriyar Toronkawa, gidan malanta tun kaka da kakanni. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa'u. A Degel ya tashi, ya yi karatun Alƙur'ani a gaban mahaifinsa, sa'an nan ya bi malamai kamar su Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo, har ya kai ga Malam Jibrila ɗan Umaru, wanda ya bi zuwa Agadas. Cikin malamansa na tafsiri akwai Malam Hashimu Bazamfare, wanda ya saurari karatunsa tun daga farkon Alƙur'ani har ƙarshe. Ashe tun yana ɗalibi bai ɗauki ilimi a kan gadon wata ƙabila ba, duk inda ya ji shi sai ya je ya durƙusa.

Ya fara wa'azi yana da shekara ashirin, wajen 1774. Littattafansa da Larabci ya rubuta su, waƙoƙinsa galibi da Fulatanci, amma idan ya zauna gaban taro yakan yi wa kowa magana da harshen da yake ji, Hausa ko Fulatanci. Bayan ya zaga ƙasar Kabi sai ya nufo Zamfara wajen 1786, tare da ƙanensa Abdullahi. A lokacin nan Zamfara tana cikin ƙasƙanci, domin Sarkin Gobir Babari ya riga ya rushe Birnin Zamfara, Gobirawa sun kafa Alƙalawa a ƙasarta, gidan sarauta ya watse. Shehu ya tarar da mutanen da ake yi wa kallon jahilai kuma bayin yaƙi. Bai ƙyamace su ba. Ya zauna cikinsu, ya karantar da maza da mata, har wani malamin Barno mai suna Mustafa Gwani ya zarge shi da barin mata su halarci wa'azi. Amsar da aka mayar masa ita ce, barin mutum cikin jahilci ya fi wannan muni nesa ba kusa ba.

Babban abin da ya yi fama da shi a waɗannan shekaru shi ne wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin wasu ɗaliban ilimin tauhidi. Su waɗannan sukan tare talaka, manomi ko makiyayi, su yi masa tambayoyi masu sarƙaƙiya, in ya kasa amsawa yadda suke so sai su kira shi kafiri, su ce ba a cin yankansa, ba a kuma aure da shi. Kalma ɗaya tak, amma ta isa ta raba mutum da mutuncinsa, a zamanin da wanda aka kira kafiri ana iya kama shi a sayar. Shehu bai ɗauki wannan a kan ƙaramin abu ba, bai kuma yi shiru don gudun ɓacin ran 'yan'uwansa malamai ba. Ya fito fili ya ƙaryata su a majalisa da kuma a rubuce, ya nuna cewa duk wanda ya furta shahada ya kuma tsai da addini Musulmi ne, ba wanda aka ɗora wa binciken zuciyarsa. Ɗansa Muhammadu Bello ya ambata cewa abin da ya wallafa a kan wannan matsala ya haura littafi 50. Har malaminsa Jibrila, wanda yake girmamawa matuƙa, ya saɓa masa cikin ladabi a kan kafirta masu saɓo. Wanda bai bar malaminsa ya wuce da irin wannan kalma ba, yaya zai bar wani?

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar da aka ba shi, ya roƙi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Cikin waɗanda aka saka saboda wannan roƙo har da Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara. Mai karatu zai lura babu ko ɗaya cikin biyar ɗin da ya keɓance Fulani. Talakan da aka sauƙaƙa wa haraji Bahaushe ne da Bafulatani, wanda aka kwance wa mari kuwa Bazamfare ne.

Da haka jama'arsa ta yi ta ƙaruwa, har sarakunan Gobir suka tsorata. Sarki Nafata ya yi doka cewa kada wanda ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, a daina naɗa rawani da yin lulluɓi, kuma duk wanda bai gaji Musulunci ba ya koma ga abin da ya tarar ubansa yana yi. Wannan doka ta ƙarshe ita ce ainihin abin da Shehu ya yi shekaru yana yaƙa, watau a ɗaure mutum da asalinsa har abada. A zamanin Yunfa kuma aka kai wa garin Gimbana hari, inda Malam Abdussalami, Ba'are almajirin Shehu, yake zaune da mutanensa. Da aka biyo da kamammu ta kusa da Degel sai jama'ar Shehu suka kwance su. Ashe wutar da ta kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804 saboda Hausawa ta tashi. Cikin waɗanda suka taimaka wajen hijirar akwai Malam Agali, Ba'azbine. A Tabkin Kwatto, cikin Yuni na wannan shekara, akwai Hausawa a rundunar Shehu, akwai kuma Fulani a rundunar Yunfa.

Zamfarawa ba su manta da alheri ba. Sarakunan Mafara da Burmi da Danko suka ba jama'a goyon baya, waɗannan sarautu kuwa har yau suna nan: Sarkin Danko a Bukkuyum, Sarkin Burmi a Bakura, Sarkin Mafara a Gummi da Talata Mafara, shi kuma Sarkin Zamfara a Anka. Bayan asarar da aka yi a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, Sabon Gari ta ƙasar Zamfara ce ta karɓi Shehu a 1805.

Amma tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye. Yunwa ta matsa wa rundunar jama'a, wasu mayaƙa suka shiga ƙwace abincin mutanen da suka sauke su, kamar dai dukiyar baƙon jinsi halal ce. Kafin shekara ta zagayo, garuruwan Zamfara da yawa sun juya baya, aka koma yaƙi da abokan jiya. Cikin wannan hali ne, a 1806, Shehu ya kammala littafinsa Bayan Wujubil Hijra, inda ya gargaɗi masu mulki cewa fifita wata ƙabila a kan wata yana cikin abubuwan da suka fi saurin rushe mulki, ya kuma jaddada cewa ƙasa ba ta zaunuwa a kan zalunci. Gargaɗin nan ba ga Gobirawa kaɗai ya yi shi ba, har da mutanensa. Abdullahi ma ransa ya ɓaci da halin wasu mayaƙa, har ya bar runduna ya tafi Kano a 1807.

Alƙalawa ta faɗi a 1808. Shehu ya janye daga harkar mulki, ya bar wa Bello da Abdullahi, ya zauna a Sifawa yana karantarwa da rubutu, yana tsawata wa masu cin dukiyar talakawa. Ya koma Sakkwato a 1815, Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilu na 1817. Yawancin waɗanda aka ba tuta Fulani ne, ko da yake Yakubu na Bauchi Bagere ne. Shehu bai daɗe da rasuwa ba Abdussalami ya yi tawaye a Kware, yana ganin an tauye masa rabonsa, ya kuwa rasa ransa a 1818. Kalmar Kaɗo da Haɓe, wadda asalinta a Fulatanci wanda ba Bafulatani ba take nufi, ta zama abin gori a bakin wasu, su ma Hausawa suka ƙago nasu sunayen na raini ga Fulanin daji. Malam ya shuka, amma ba ko'ina irin ya tsira ba.

Ƙasar Hausa ta san wasa tsakanin jinsi da jinsi. Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, Bakano da Bazazzagi, kowa yana tsokanar ɗan'uwansa, a yi dariya a rabu da zumunci. Alamar wannan wasa ita ce duka biyun suna dariya, kowa kuma yana da damar ramawa. Amma in aka kira mutum arne ko bawa ko ɓarawo saboda jinsinsa, taro ya tuntsire da dariya shi kuwa ya sunkuyar da kai, to, an bar wasa an shiga abin da Suratul Hujurati ta hana, watau izgili da jifa da miyagun laƙabi.

Tun daga wajen 2011 Jihar Zamfara ta sha fama da satar shanu da kashe-kashe da sace mutane, ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa suna cikin waɗanda suka ɗanɗana. Dalilan fitinar suna da yawa, amma kowa ya ga yadda laifin wasu ya zama sunan jinsi guda, har aka hallaka marasa laifi a kasuwa da ruga da ƙauye don kawai harshensu ko kamanninsu. Baki shi ke yanka wuya. Shehu ya gane haka tun yana saurayi, shi ya sa bai jira sai an zare takobi ba, tun a majalisa yake tare kalmar. Wanda duk ke alfahari da sunansa, in ya ji an yi gorin asali a wurin biki ko a tashar mota ko a gindin bishiyar hira, ya kamata ya iya buɗe baki ya ce a bari, ko da mai faɗin abokinsa ne ko babba gare shi.

Allah ya jiƙan Shehu Usmanu, ya ba ƙasar Zamfara lafiya da zama lafiya, amin.