Malam Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari da ya koyar a Masar

A wannan makon za mu waiwayi tarihin Shehu Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, Bafulatanin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1154 bayan Hijira, wato 1741 Miladiyya.

Ya fara karatu a ƙasar Hausa, sannan ya fita neman ƙari. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu Bindu, da Shehu Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu na Bagirmi, ƙasar da ke gabas da mu, cikin Chadi ta yau. Shi wannan Alwali shi ne mai littafin Almanhajul Farid, wanda ya mayar da sharhin da Fulani ke yi wa Aƙidar Sanusi da Fulfulde zuwa Larabci. Ke nan mu mutanen Garwa da Marwa ba baƙi ba ne a wannan silsila.

Bayan ya ƙoshi da karatu sai ya tafi aikin Hajji, daga nan ya sauka a Masar. A wannan tsakanin ne ya rubuta manyan littattafansa. A 1732 ya kammala Bahjatul Afaƙ, kan ilmin haruffa da hatimai. Ya kuma rubuta Addurrul Manzum, inda ya taƙaita littafin Assirrul Maktum da ake jingina wa Fakhruddin Arrazi kan taurari. Yana da waƙe a ilmin Manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, da wani littafi a Nahawu mai suna Bulugul Arab.

Domin ɗalibai su gane lissafin hatimi, ga mafi sauƙinsa. A zana gida tara, uku-uku. A layin farko a sa 4, 9, 2. A na biyu 3, 5, 7. A na uku 8, 1, 6. Ta duk inda aka haɗa, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. Idan gida 25 ne, biyar-biyar, kowane layi 65 zai ba da. Abin da Malam ya yi shi ne bayyana ƙa'idojin cika hatimai masu layuka mara, kamar uku da biyar da bakwai, ba tare da lalube ba.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shehu Hasan Aljabarti, malamin Azhar wanda ya shahara a ilmin falaki. Mai masaukin ya yi karatun hatimai a wurin baƙonsa, kuma a gidansa Malam ya cika, bayan ya bar masa wasiyyar kula da littattafansa. Ɗan Shehu Hasan, wato Abdurrahman Aljabarti, shi ya adana tarihinsa cikin Aja'ibul Asar. Daga baya Hassan Gwarzo ya yi nazarin aikinsa a 1967, Claudia Zaslavsky ta Amurka kuma ta kawo hatimansa a littafinta na 1973 kan lissafin mutanen Afirka.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya: cikin rubuce-rubucensa akwai ɗalasimai da maganar tasirin taurari, kuma malamai da yawa sun hana wannan fanni, domin sanin gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Amma hisabin tafiyar rana da wata daban yake. Da shi ake fitar da lokutan salla, da saitin alƙibla, da sanin daren da za a fita duban jinjirin wata. Wannan ɓangaren ne muke kira a raya.

Tambayar da ta rage gare mu ita ce: a masallatanmu mutum nawa ne zai iya lissafa lokacin zawali ko ya daidaita alƙiblar sabon masallaci idan babu waya a hannunsa? Littattafan kakanninmu nawa ne gara ke ci a cikin gafaka da adaka? Na Malam sun tsira ne saboda ya damƙa su ga wanda ya san darajarsu. Muna roƙon iyaye su ƙarfafa wa yara karatun lissafi da kimiyya tare da na allo, masu tsofaffin littattafai kuma su fito da su a ɗauki hotonsu tun ba su lalace ba.

Allah Ya gafarta wa Malam Muhammadu kurakuransa, Ya amfane mu da alherin da ya bari. Amin.